Takarda ta ce halas ne, to a je a tambayi kututture

Akwai wani kututture da har yau na kasa mantawa da shi. Shekarun baya ne na bi wani dattijo malamin daji muka shiga gandun da aka ba wani kamfani famit ɗin yanka, shi zai je duba aiki, ni kuma na roƙe shi ya tafi da ni dan na daɗe ina jin labarin harkar katako a bakin mutane ina son in gani da idona. Yana riƙe da wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa, a jikinta an jera bishiyoyin da aka yarda a sare, kowacce da lambarta da irinta da kaurinta. Ƙa'idar ita ce duk bishiyar da aka kayar sai an rubuta lambarta da fenti a jikin gungumen, a kuma rubuta wannan lambar a kan kututturen da aka bari a ƙasa, yadda ko bayan shekara mutum zai iya ɗaukar gungume a tashar jirgin ruwa ya biyo sawunsa har inda ya tsiro.

Mun yi tafiya mai nisa sai ga shi a gabanmu, sabo fil, garin katako ko bushewa bai yi ba a gindinsa, ga ruwan jikinsa yana tsattsafowa ja kamar jini irin yadda madobiya take yi in an sare ta. Ba lamba ba fenti. Dattijon ya zaro tef ya auna, ya girgiza kai yace wannan ko kaurin da doka ta yarda a yanka bai kai ba. Nace "Baba to yanzu ya za a yi?" Yace "Yaro, itacen nan ya riga ya yi takarda. In ka tare motar a hanya za ka ga lamba a jikinsa tsaf. Lambar wata bishiya ce da babu ita a dajin nan, a ofis aka haife ta."

Wallahi tun daga ranar duk sanda na ji ana maganar dokokin cinikin katako, da lasisi da satifiket da taron ƙasa da ƙasa, wannan maganar ce take dawo min, a ofis aka haife ta. Dan mutane da yawa in aka ce haramtaccen katako hoton da yake zuwa musu shi ne wasu ɓarayi da tocila cikin dare suna sara suna waige. Akwai su, ban ce babu ba. Amma babban ɓarnar da rana tsaka ake yinta, a kan tirela mai lamba, da hatimi da sa hannu da rasit, kwastan ya duba yace komai daidai.

Yadda ake haihuwar bishiya a ofis ba wani abu ne mai wuya ba. Kafin a ba ka famit sai an yi ƙidayar bishiyoyin da ke cikin yankin da kake nema. To mai ƙidayar, ko a saye shi ko kuma bai ma taka dajin ba, sai ya rubuta cewa akwai bishiyoyi kaza masu tsada a wurin alhali babu, ko akwai kaɗan ya ninka. Shikenan ka samu izinin fitar da katakon da ba ka da shi. Sai ka je gandun da aka hana shiga, ko dajin mutanen ƙauye, ka saro, ka liƙa masa waccan takardar. A Birazil an sha kama wannan da itacen da suke kira ipe, wanda Turawa da Amurkawa ke shimfiɗa daɓe da shi, ana cusa bishiyoyin ƙarya a tsarin kwamfutar gwamnati sannan a riƙa sayar da izinin kansa kamar haja. A Peru kuwa abin ya fito fili a 2015 da wani jirgin ruwa mai suna Yacu Kallpa da ke ɗaukar katako daga Ikitos zuwa Meziko da Amurka. Kaya da takardu cikakku. Sai wata hukumar gwamnati mai suna OSINFOR ta yi abin da wannan dattijon nawa ya yi, wato ta tura mutane daji su nemo kututturan da takardun suka ambata. Suka je inda aka ce bishiyar take suka tarar babu ita kuma babu alamar an taɓa samunta, fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan ba daga inda aka ce suka fito ba. Kun san abin da ya biyo baya? A Janairun 2016 aka sauke shugaban hukumar, Rolando Navarro, daga kujerarsa, ƙarshe barin ƙasar ya yi saboda barazana. Wannan labarin yana min ciwo sosai, mutum ya yi aikinsa daidai shi ne ya zama abin kora.

Kuma fa kar wani yace matsalar rashin doka ce. Doka kam akwai ta har ta yi yawa. Amurka ta gyara tsohuwar dokarta ta Lacey a 2008 ta shigar da itace ciki, ya zama laifi ne ka shigo da katakon da aka sare ba bisa dokar ƙasar da ya fito ba, kuma sun nuna da gaske suke, kamfanin Gibson mai yin jita ya biya tarar dala 300,000 a 2012 kan itacen da ya fito daga Madagaska, Lumber Liquidators kuma sama da dala miliyan 13 kan katakon gabashin Rasha da aka biyo da shi ta Chaina. Tarayyar Turai ta fito da shirin FLEGT a 2003, wato shirin ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke fitar da katako dan a riƙa ba da lasisin da ke tabbatar da halascinsa, dokarta ta katako ta fara aiki a Maris 2013, Ostireliya ta yi tata a 2012, Japan ma ta yi, ita kanta Chaina da ta fi kowa sayen gumagumai ta gyara dokar dazukanta wadda ta fara aiki a 2020 ta hana saye ko sarrafa itacen da aka san na haram ne. Ga satifiket ɗin FSC, ƙungiyar da ke ba da shaidar cewa an kula da daji bisa ƙa'ida wajen yankan katako, tun 1993. Duk da haka a rahoton da Interpol da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2012 sun ƙiyasta kashi 15 zuwa 30 na cinikin katakon duniya na haram ne, a wasu manyan ƙasashen da ke da kurmi kuma ya kai kashi 50 zuwa 90.

Abin da na lura da shi shi ne kusan duk waɗannan dokokin tambaya ɗaya suke yi, ina takardarka? Kuma wa ke ba da takardar? Ofishin da ke ƙasar da itacen ya fito, ofishin da ma'aikacinsa albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ga dillali tsaye a kansa da ambulan. Kaga kenan duk yadda mai saye ya tsananta neman takarda, in ba a je an duba ƙasa ba, farashin takardar kawai ya ɗaga.

Labarin madobiya ya ishi kowa misali. A Chaina akwai kasuwar kujeru da gadaje na jan katako da suke kira hongmu, kayan masu hali ne, da irin itacen ya yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya sai dillalai suka juyo Afirka ta Yamma, suka samu madobiya wadda a kasuwar suke ce wa kosso. Abin ya riƙa tafiya kamar wutar daji, a cinye na wannan ƙasa a tsallaka ta gaba, Gambiya, Gini Bisau, Togo, Benin, Ghana, Najeriya, Saliyo, Mali. A taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, na 2016 a Johannesbag aka sa madobiya a rukuni na biyu, ma'ana daga farkon 2017 ba a fitar da ita sai da famit, kuma ba a ba da famit sai masana na ƙasar sun tabbatar cewa fitarwar ba za ta ƙarar da irin ba. A rubuce tsari ne mai kyau. Sai ga ƙungiyar bincike ta EIA a 2017 tana cewa dubban famit aka sa wa hannu a Najeriya bayan kayan sun riga sun bar ƙasar, gumagumai sama da miliyan 1.4 da aka tsare a tashoshin Chaina suka samu shiga. A 2018 aka dakatar da Najeriya daga cinikin, a 2022 kuma dakatarwar ta game ƙasashen da itacen ke tsirowa. Amma kafin nan an riga an yi aika-aika, bishiyar da ke ɗaukar gomman shekaru kafin ta kai yanka, wadda makiyaya ke dogara da ganyenta da rani, an kwashe manyanta cikin shekaru ƙalilan.

Na Gambiya ma ya fi ban takaici. Ƙaramar ƙasa wadda tata madobiyar ta kusa ƙarewa tuntuni, amma a shekarun baya tana cikin manyan masu fitarwa. Daga ina? Daga Kasamans ta Senegal, yankin da aka daɗe ana rikici, ana tsallako da shi iyaka sai ya zama ɗan Gambiya a takarda. Sai da kamfanin jiragen ruwa na CMA CGM ya daina ɗaukar katako daga can a 2020, gwamnati kuma ta hana fitarwa a 2022. A taron CITES na 2022 a Panama an ƙara da maɗaci da kawo a rukuni na biyu, dan ƙa'idar kasuwar kenan, in aka rufe wannan itacen sai a koma kan wanda ya yi kama da shi.

Gabon na cikin ƙasashen da ake yaba wa, kuma da gaskiya, tun 2010 ta hana fitar da ɗanyen gungume tace sai an sarrafa a gida, aka samu masana'antu da ayyukan yi. To a can ne a 2019 kwantena 353 na itacen kevazingo da aka kama aka ajiye a tashar Owendo suka yi ɓatan dabo. Kwantena fa, ba allura ba. Mataimakin shugaban ƙasa da ministan dazuka suka rasa kujerunsu a kan maganar. Ina kawo wannan ne dan a gane cewa ɓarakar ba a wajen ƙaramin ma'aikaci kawai take ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa daga sama tsagewar take farowa. A Laberiya katako sai da ya zama kuɗin sayen bindiga har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa masa takunkumi a 2003, da Ellen Johnson Sirleaf ta hau a 2006 ta soke duk kwangilolin yanka aka faro daga tushe, ba a jima ba wajen 2012 sai ga wata sabuwar badaƙala ta famit ɗin da aka tanada dan masu filin kansu, kamfanoni suka bi ta nan suka mamaye dazuka masu yawan gaske.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba a wajena. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da duk wannan tsarin bai san da zamansa ba, mai ƙaramin inji da ke yanka wa kasuwar cikin gida. Rufin ɗaki, ƙofa, benci na makaranta, katakon da magina ke tokare dakin, duk daga hannunsa suke fitowa. A ƙasashe masu tasowa da yawa manyan kamfanoni masu lasisi waje suke kai kayansu dan can ne kuɗi yake, kasuwar gida ta rage wa masu ƙananan injina, su kuma doka ko dai ta haramta su ko ta yi kamar babu su. Ghana ta haramta yanka katakon sayarwa da injin sarƙa tun 1998, amma binciken da aka yi ta yi bayan nan ya nuna mafi yawan katakon da ke kasuwannin ƙasar daga wannan haramtaccen injin yake. To me haramcin ya haifar? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yankan bai tsaya ba, gwamnati ba ta samun haraji, kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali ya koma na goro a shingayen hanya.

Na taɓa zama da wani mai irin wannan sana'ar, mutum mai iyali, tafin hannunsa duk kanta, kunnensa ɗaya ya fara dushewa saboda ƙarar inji. Yana zaune yana wasa haƙoran sarƙar da 'yar fayil ɗaya bayan ɗaya muna hira. Nace masa "Malam me ya hana ka nemi famit ka huta da guje-guje?" Ya ajiye fayil ɗin yace "Ɗan'uwa ka ɗauka ban nema ba? Sun ce in kawo rajistar kamfani, in kawo taswirar daji, in kawo shaidar biyan haraji na shekaru, in kawo tsarin yadda zan kula da dajin wanda sai ƙwararre ne zai rubuta, kuma ofishin da zai sa hannu yana babban birni. Na je sau uku, kullum oga baya nan. Wanda ke tare ni a hanya kuwa kullum yana nan, kuma in na ba shi nasa ko minti biyar ba na yi." Sai ya ƙara da wata magana da ta tsaya min a rai, yace shi ya fi son ya biya gwamnati a ba shi rasit, dan mai rasit sau ɗaya yake karɓa, mai shinge kuwa duk wucewa.

Gaskiya ban ga laifin da zan ɗora masa shi kaɗai ba. An tsara ƙa'ida daidai jikin kamfani mai lauya da akanta, sannan ake mamakin mai inji ɗaya bai bi ba. In an tashi nuna aiki kuma shi ake kamawa, a ƙwace injin da ya ci bashi ya saya, a ɗauki hotonsa tsugune gaban katako a sa a labarai, mai kwantena ɗari na can yana shan iska. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma ba ina wanke shi ba ne fa, yankan da yake yi da injin sarƙa yana ɓarnatar da itace sosai, kaso mai yawa na gungumen a garin katako da ɓawo yake ƙarewa, kuma baya dasa ko ɗaya. Amma mutumin da ka haramta ba ka da hanyar koya masa yanka mai kyau, ba ka da hanyar ce masa ga iyakarka, ba ka ma san su nawa ba ne.

Sai maganar wa ke da bishiyar, wadda ina ganin ita ce tushen da ake tsallakewa. A ƙasashe da dama ƙasa taka ce amma bishiyar da ta tsiro da kanta a gonarka ta gwamnati ce. Ghana na cikin masu irin wannan doka. Ka yi tunani, manomin koko yana da ƙatuwar bishiya a tsakiyar gonarsa, wata rana kamfani ya zo da famit ya kayar da ita, ta faɗo ta kakkarya masa koko, a ja gungumen da katafila ta cikin shukarsa, shi kuma abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Me kake zaton zai yi in ya ga irin wannan bishiyar tana tsirowa gobe? Zai kashe ta tun tana ƙarama, ko ya kira mai inji cikin sirri su raba. Kuma hankali ne ya yi. Duk dokar da ta mayar da bishiya abokiyar gabar wanda ke kwana kusa da ita to ta riga ta kayar da kanta. Inda aka ba mutanen gari haƙƙi na gaske kuwa ana ganin bambanci, dazukan al'umma na Meziko da na yankin Peten a Gwatemala ana yawan kafa misali da su, suna yanka suna sayarwa kuma dajin na nan tsaye. Kamaru ta shigar da dazukan al'umma a dokarta tun 1994, sai dai wahalar takardu ta sa da yawa suka koma hannun 'yan kasuwa masu biya musu kuɗin rajista su kwashe itacen.

Waɗanda ke tsayawa kare dajinsu ba tare da hukuma a bayansu ba kuwa da ransu suke biya. A Satumbar 2014 aka kashe Edwin Chota da wasu shugabanni uku na ƙabilar Ashaninka daga ƙauyen Saweto a Peru, kusa da iyakar Birazil, bayan ya shafe shekaru yana kai ƙorafi ofis-ofis kan masu sare musu daji. Allah ya isa kawai.

Ban ce ba a ci gaba ba. Indonesiya ta gina tsarin tantance katakonta har ta zama ƙasa ta farko da ta fara ba da lasisin FLEGT a Nuwamban 2016, kuma abin da ya burge ni a nasu shi ne an ba ƙungiyoyin farar hula dama a hukumance su shiga su duba su kai ƙara. Ghana ita ta fara sa hannu a irin wannan yarjejeniya da Turai a 2009, ta kwashe fiye da shekara goma tana gina tsarin bin sawun gungume, wasu na ganin jinkirin gazawa ne, ni kuwa ina ganin ko ba komai ya tilasta an zauna teburi ɗaya da sarakuna da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, an fito da bayanan da a da ke kulle a durowa. Kimiyya ma ta taimaka, yanzu ana iya gane irin itace da yankin da ya fito daga ɗan ɓallin katako, tauraron ɗan'adam na nuna inda aka buɗe sabuwar hanya a cikin kurmi cikin 'yan kwanaki. Sai dai tauraro zai nuna maka, ba zai je ya tsayar da mota ba, kuma in bishiya ɗaya-ɗaya ake zaɓa ana cirewa kamar yadda ake yi wa madobiya, daga sama dajin kore shar za ka gan shi.

Sabuwar dokar Turai ta 2023 kan sare dazuka ta matsa gaba kaɗan, bata tsaya kan halascin takarda ba, tace sai ka nuna ainihin wurin da kayan suka fito a taswira, kuma ba a sare dajin wurin ba bayan 31 ga Disamba 2020, ta haɗa katako da koko da kofi da roba da sauransu. An ɗage fara aiki da ita saboda ƙorafi daga ko'ina. Ni ina tare da manufarta dan ta fi kusa da kututture. Tsorona shi ne abin da aka saba, babban kamfani zai ɗauki ma'aikata ya cika sharuɗɗa, ƙaramin zai faɗi, mai ƙazantaccen kaya kuma zai juya jirginsa zuwa kasuwar da ba a tambaya. In Turai ta rufe ƙofa Asiya da Gabas ta Tsakiya da kasuwar cikin gida suna buɗe, bishiyar dai ta faɗi.

Shi ya sa in da za a tambaye ni, ba zan ce a ƙara doka ba. Zan ce kuɗin da ake kashewa a otal wajen taron bita a karkatar da rabinsa zuwa mai da taya da albashin masu shiga daji, kuma mai dubawa ya zama baya ƙarƙashin wanda ya ba da famit, dan ba a sa mutum ya binciki sa hannun ogansa. A manna duk famit da taswirarsa a inda kowa zai gani, a intanet da kuma ƙofar hakimin yankin, yadda ɗan ƙauye zai iya cewa wannan bishiyar da kuka rubuta babu ita, ni a nan aka haife ni. A yi wa mai ƙaramin inji ƙofa daidai tsawonsa, famit mai sauƙi a ofis na kusa, ko su haɗu a ƙungiya a ba su yanki. Kuma gwamnatocin kansu, da suke cikin manyan masu sayen katako dan gina makarantu da asibitoci, su fara tambayar 'yan kwangilarsu daga ina, dan abin kunya ne hukuma ta haramta katako da safe ta saye shi da yamma ta yi rufin ofishinta.

Mu ma masu saye ba mu fita ba. Ni kaina ban taɓa tambayar kafinta daga ina katakon nan ya fito ba sai bayan wannan tafiyar, kuma da na fara tambaya na gane shi ma bai sani ba, mai sayar masa ma bai sani ba, daga mota aka sauke.

Ranar da muka ga kututturen nan, dattijon ya zauna a kan wani reshe ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta komai, irin itacen, kaurin, inda yake, kwanan wata, da hannunsa mai ɗan rawa. Na tambaye shi ina rahoton zai je, yace zai kai ofis kamar yadda ya kai na baya. Nace an taɓa yin wani abu a kai? Yace sau ɗaya, aka canza masa wurin aiki. Da yamma ta yi muka fito bakin hanya, babur ɗinsa na aiki ya fi wata huɗu a jingine ba taya, dan haka motar kamfanin da ya je dubawa ita ta kawo mu kuma ita za ta mayar da mu. Muka shiga gaba muka matsu, direban ya miƙo masa ruwa cikin girmamawa yace "Baba sannu da aiki, an dai ga komai daidai ko?" Dattijon ya karɓi ruwan ya riƙe bai sha ba, ɗaya hannun yana dafe da littafin a kan gwiwarsa, har muka fita daga dajin bai ce uffan ba.